Remok mai ɗaki da ke kaɗa wutsiya bayan kat-kat: littafin aikin gyara, Damagaram

Asabar, 2 ga Nuwamba

Ƙorafi ɗaya aka kawo aikin da shi: mota na haura kilomita 65 a awa a kan gudro, remok sai ya fara kaɗa wutsiya, dama, hagu, dama, har direba ya ji gindin motarsa na bin lilon. Remok ne mai ɗaki, irin karaban ɗin da ake shigowa da su na hannu daga Turai, aksil ɗaya, faɗinsa mita 2.30. Masu gyaran famfunan sola ke kwana a ciki idan aiki ya kai su ƙauyukan Mirriya da Gure. Motar da ke jansa Prado 120 ce mai ƙofa biyar.

Mai kayan ya zo da magani a bakinsa, wai a sayo masa kan maƙali (bakin remok da ke kama mota) mai hana lilo a ɗaura, shi ke nan. Ba mu yarda ba. Wannan na'ura ƙaramin lilo take dannewa, ba ta taɓa abin da ke haifar da shi. A remok ɗin da lodinsa ya karkace, ɓoye alamar za ta yi har gudu ya kai inda ba ta iya riƙewa, kuma lilon da ya kama mutum a 90 ya fi na 65 haɗari nesa ba kusa ba. Ita za ta zo ƙarshe, in ma an buƙace ta.

Farantin da ke wuyan remok ya ce nauyinsa da kaya kada ya wuce kilo 1,500, abin da hancin remok zai ɗora wa bul, wato dunƙulen ƙarfen bayan mota da ake maƙala shi a kai, kuma kada ya wuce kilo 100. Daga tsakiyar maƙali zuwa tsakiyar aksil, mita 4.0 cif. A bayansa an yi waldar wani keji na ƙarfen kwana wanda ba na kamfani ba ne, a ciki akwai tankin ruwa mai lita 100 da grup, wato injin ba da wuta. Ido ya riga ya faɗa can, amma sai sikeli ya yi magana.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Awo. An kai remok sikelin manyan motoci da lodinsa na kullum, a gudun 30, aka kwance shi daga mota aka auna shi shi kaɗai: kilo 1,640. Ya wuce iyakarsa da kilo 140.

Nauyin hanci a garaji aka auna shi, a kan siminti mai daidai. Sikelin awon mutum ya isa: a shimfiɗa katako a kansa, a yanke sanda daidai yadda kan maƙali zai tsaya a tsayin da yake idan yana kan mota, a sa wa tayoyi waigi, a saki birkin hannu, a ɗage ƙafafun kusurwa huɗu, sannan a murɗa ƙaramar tayar gaba sama har nauyin ya koma kan sandar. Sikeli ya nuna 22. An sake sau biyu, 22 da 23. Yaro ma zai ɗaga hancin da hannu ɗaya.

Kilo 22 cikin 1,640 bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Ga remok ɗin Turai irin wannan, mai aksil kusa da tsakiya, kashi 5 zuwa 7 ake nema, muddin ba a wuce abin da ke kan faranti ba. Kashi 10 zuwa 15 da ake yawan ji lissafin remok ɗin Amurka ne, masu aksil can baya da maƙali mai rarraba nauyi. Wanda ya ɗauki wancan lissafi ya ɗora wa wannan hanci kilo 200 zai lanƙwasa wuya, ya kuma sauƙaƙa tayoyin gaban motarsa har sitiyari ya daina kamu.

Laraba, 6 ga Nuwamba

Niyya ita ce a riƙa canza abu ɗaya ana gwadawa, don a san me ya yi aiki. Yau an karya wannan doka, domin an ga abubuwa biyu da ba za a hau titi da su ba ko don gwaji.

Tayoyi. Dukansu na ƙaramar mota ne, 185/70 R14, lambar lodi 88, ma'ana kowace kilo 560 take ɗauka. Biyu, 1,120. Abin da ke kan aksil kuwa 1,618 ne, kusan 810 a kan kowace. Ta hagu lambar ranarta 3216, wato mako na 32 na shekarar 2016, gefenta duk ya tsattsage. Iska: bar 2.1 a dama, 1.7 a hagu. Taya mai laushin gefe tana barin remok ya zame gefe kafin ta riƙe, sannan ta mayar da shi kamar roba, kuma wannan mayarwar ce ke ciyar da lilo. An sa sababbi guda biyu iri ɗaya, 185 R14C, 102/100, masu ɗaukar kilo 850 kowace a bar 4.5, tare da bawul na ƙarfe. An hura 4.5 da safe taya na sanyi, tunda har yanzu lodin bai ragu ba. Kusoshi an ɗaure su da makulli mai awo, Nm 90, za a sake dubawa bayan kilomita 50.

Bul. Wannan ya fi tada hankali. Maƙalin motar irin na Amurka ne mai rami murabba'i, bul ɗin da ke kai kuma ma'aunin kauri ya ba da milimita 47.6, wato inci 1 da 7/8. Kan maƙalin remok ɗin Turai na bul mai milimita 50 ne. A ido ba a ganin bambancin, yana shiga, hannun kuma yana sauka kamar ya kulle. Amma da aka sa kirik ƙarƙashin wuya aka ɗaga, sai da kan ya motsa sama ya yi ƙas kafin ya fara ɗaga motar. Rami ɗaya mai kyau ya isa ya fizge shi. A nan motoci na zuwa daga Turai da Amurka, ƙarafansu na haɗuwa a kasuwa ɗaya, saboda haka bul uku ne ke yawo masu kama da juna: 47.6, da 50, da 50.8 mai inci 2. A auna, kada a yarda da ido. Na 50 ɗin ma idan ya ci ya sauka ƙasa da 49, a jefar.

An ɗaura sabo mai milimita 50. Sandar da ke shiga ramin tana da wasa, an matse ta da maɗauri mai siffar U.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Gwajin farko, hanyar Mirriya, da sassafe kafin iska ta tashi. Tsarin da za a riƙa bi kowane lokaci: direba ɗaya, yanki ɗaya na titi, gudu daga GPS na waya domin agogon mota yakan ƙara, mota ta biyu a baya da mutum mai ƙirga. Ana hawa 50, 60, 70, a zauna minti biyu a kowane. Abin da ake ƙirgawa shi ne sau nawa wutsiya ke kaɗawa kafin ta natsu bayan kamiyo ya wuce ko an taka gargada.

A 50, sau ɗaya zuwa biyu. A 60, sau huɗu. A 70 bai natsu ba, kowane kaɗawa na fin na baya faɗi, aka ɗaga ƙafa. Sababbin tayoyi da bul sun ƙara wa gudun da lilo ke farawa abin da bai wuce kilomita 5 ba.

Kowane haɗin mota da remok yana da gudun da a ƙasansa lilo ke mutuwa da kansa, a samansa kuma yake girma da kansa. Aikin nan gaba ɗaya na tura wannan iyaka ne sama, nesa da gudun tafiya.

Talata, 12 ga Nuwamba

An sauke kejin baya aka auna komai ɗaya-ɗaya. Tanki cike, kilo 108. Grup, 45. Ƙarfen kejin kansa, 35. Jimla 188, kuma tsakiyarsu mita 2.4 bayan aksil.

Lissafin ba wuya. Aksil kamar tsakiyar ma'aunin ƴan kasuwa yake. Duk kilo ɗaya da aka ajiye mita 2.4 a baya yana ɗauke wa hanci 2.4 a raba da 4.0, wato kilo 0.6. Kilo 188 sun ɗauke 113. Ruwan kaɗai, lita 100, yana cin kilo 60 na hanci, shi ya sa direba ya ce ranar fita remok ya fi hauka, ranar dawowa da tanki wayam ya fi hankali. Rabin tanki kuwa ya fi cikakke muni, domin ba shinge a cikinsa: ruwan na gudu gefe, ya bugi bango daidai lokacin da wutsiya ke shirin dawowa.

Da aka cire kejin, hanci ya fi ƙarfin sikelinmu mai tsayawa a 120, sai aka koma dabarar katako. A sa katako mai ƙarfi, kai ɗaya a kan bulo, ɗaya a kan sikeli, santimita 90 tsakaninsu, kowane kai a kan guntun bututu. Hanci ya sauka santimita 30 daga bulo, 60 daga sikeli. A cire nauyin katakon, abin da ya rage a ninka sau uku. An samu 45, wato kilo 135. Yanzu kuma ya wuce 100 na faranti.

Dalili yana cikin akwatin gaba. Masu remok sun lura hanci ya yi sauƙi, sai suka cusa akwatin kayan aiki mai kilo 35 da batir mai kilo 25 can gaba don su rama. Niyyar mai kyau ce, amma ta ƙara ɓata lamarin. Nauyi a can gaba da nauyi a can baya suna iya daidaita sikeli, sai dai remok ya koma kamar sandar ga-ruwa da garwa biyu a bakinta: wuyar juyawa, in kuma ta fara juyawa wuyar tsayawa. Nauyin hanci shi kaɗai ba ya nuna wannan. Kaya masu nauyi wurinsu ƙasa, a kan aksil ko ɗan gaba da shi kaɗan.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Sabon lodi. Keji ba zai koma ba, an yanke maƙalansa, an shafe wuraren waldar da fenti mai hana tsatsa. An duba shasi inda aka yi waldar, ba tsagewa, amma irin wannan shasi mai rufin zinki bai kamata a yi masa walda ko a huda shi ba. Grup da akwatin kayan aiki sun koma cikin mota, a ƙasa, manne da bayan kujera, an ɗaure su. Batir ya dawo ƙarƙashin gado, kan aksil, an ja masa sabuwar waya mai kauri da fiyus kusa da kansa. Ruwa: bido biyu masu lita 25, cike taf, a ƙasa kan aksil, da igiyar matsewa.

Nauyin remok ta lissafi kilo 1,469. Hanci a sikeli, 88, kashi 6 cikin 100 ke nan. An rage iskar tayoyi zuwa bar 4.2. An zana layi biyu da fenti a daɓen ɗakin, rabin mita gaba da aksil da rabin mita bayansa, don duk wanda zai yi lodi ya san inda nauyi ke zama.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Hanyar Mirriya. A 60, sau ɗaya. A 70, biyu. A 80, uku zuwa huɗu, amma yana natsuwa da kansa. Wannan canji ɗaya ya fi duk abin da aka saya amfani, kuma bai ci kuɗi ba sai na fenti da waya.

Mai ƙirga a motar baya ya lura hancin remok na kallon sama.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Tsakiyar bul daga ƙasa, da remok a kai, santimita 52. Ƙa'idar Turai ga motar da aka loda 35 zuwa 42 ce, kuma a kan wannan aka ƙera remok ɗin. Kat-kat dogayen ƙafa gare su, kusan kullum sai an sauko da bul. Hanci a sama yana tura nauyi baya, iska na shiga ƙarƙashin daɓe, gindi kuma na gogar ƙasa a wurin sauka daga gudro. An canza sandar da wadda ta sauko santimita 10, aka zaɓi mafi gajarta da ta samu, domin duk tazarar da bul ya ƙara daga aksil ɗin bayan mota ƙarin ƙarfi ne ga remok na juya ta. Yanzu 42, daɓe a kwance, gaba ya fi baya ƙasa da kamar santimita ɗaya. Haka ake so.

Sai motar kanta, kuma a nan ma an samu abin gyara. Tazarar aksil biyu na Prado 120 mita 2.79 ce, ta Hilux mai kabin biyu ta haura mita 3. Gajeriyar mota ta fi saurin bin umarnin remok, don haka ƙafafunta na baya ba su da damar yin sakaci. Tayoyin baya an same su a bar 1.6. Direba ya rage iska don rairayin hanyar ƙauye, ya hau gudro bai mayar ba. Wannan ɗabi'a ta zama ruwan dare a nan, kuma da remok a baya tana kisa. An hura gaba 2.2, baya 2.5, an sa famfon iska mai aiki da batir cikin kayan mota. Amortisar ta baya ta dama jiƙe take da mai, an canza duka biyu. Silanblok na sandar Panhard, wadda ke hana aksil ɗin baya zamewa gefe, sun tsage; idan mutum biyu suka tura gindin motar gefe ana ganin jiki na motsi taya na tsaye. An canza su, aka ɗaure kusoshin bayan an sauke motar a kan tayoyinta. Bido huɗu na gazuwal da ke kan rufi an sauko da su.

Asabar, 23 ga Nuwamba

A 80, sau biyu. Direba ya ce sitiyari ya daina yi masa kamar yana kan ruwa. An sake ɗaure kusoshin tayoyin remok, biyu sun ɗan karɓa.

Sabuwar matsala ta fito, ko kuwa tsohuwa ce da lilo ya rufe: idan aka taka birki, ana jin bugu daga baya, remok kuma na jan dama.

Laraba, 27 ga Nuwamba

Birkin wannan remok ba na lantarki ba ne. Idan mota ta rage gudu, remok na turo kan maƙali ciki, turawar ce ke jan wayoyin birki. A cikin wuyan akwai ƴar amortisar da ke sa turawar ta zo a hankali. Gwajinta: a kwance remok, a tura kan maƙali ciki da ƙarfi. Mai lafiya tana turjewa, ta kuma dawo a hankali. Tamu ta shige ba gardama. Shi ya sa birki ke kamawa gaba ɗaya, ya saki, ya sake kamawa. An canza ta, an sa giris a nonuwan wuyan guda biyu, an maye robar da ke rufe shi wadda ta yage ta bar rairayi na shiga.

Jan dama kuwa, wayar birkin hagu ce ta ƙafe da ƙura da tsatsa, dama kaɗai ke kamawa. Sabuwar waya, aka daidaita takalman birki gefe biyu: a matse har taya ta tsaya, a sassauta har ta juya hannu sake, ana juya ta gaba kawai, domin irin wannan birki yana sakin kansa idan taya ta juya baya. Bayan tafiyar kilomita 10 da taka birki sau da yawa, gangunan biyu zafinsu ɗaya a hannu. Rulma ba wasa. Daga tsakiyar maƙali zuwa kowane bakin aksil, bambancin milimita 2, aksil a miƙe yake.

Tunda ba birkin remok da direba zai iya kamawa shi kaɗai daga cikin mota, an rubuta masa abin yi a takarda an manna a gabansa. Lilo ya fara: ɗaga ƙafa daga totur a hankali, riƙe sitiyari a miƙe da hannu biyu, kada ka bi lilon da sitiyari domin hannunka zai riƙa zuwa a makare yana ƙara masa, kada ka danne birki, bar gudu ya sauka da kansa, sannan ka tsaya ka duba lodi da iska. Maganar da ake yaɗawa cewa a ƙara wuta remok zai miƙe, a watsar da ita. Gudu ne abincin lilo.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Yau hanyar Tanut, zuwa wajen matatar mai ta SORAZ da dawowa, saboda tankokin mai da ke bin ta da kuma iskar hunturu da ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas, tana bugun remok a gefen dama wajen tafiya, hagu wajen dawowa.

Tanki mai zuwa daga gaba bugu ɗaya yake yi, remok ya kaɗa sau biyu ya natsu. Wanda ya fi wuya shi ne babbar mota mai wucewa daga baya. Iskar gabanta na fara tura wutsiyar remok dama, hancinsa ya tafi hagu ya ja gindin mota, sai kan mota ya kalli dama. Tana isowa gaban remok sai komai ya juye, motar ta nufi wajen mai wucewar. An ga haka sau biyu a 75, kuma sau uku ya kaɗa kafin ya natsu. Maganinsa a gan ta tun daga nesa, a rage gudu kafin ta iso, a ɗan matsa dama.

Matsawa daman ma da sharaɗi. Faɗin mota kusan mita 1.88 ne, remok 2.30, ya fi ta da santimita 21 kowane gefe. Inda bakin gudro ya cinye ya bar gaɓa, mota na kan titi tayar remok ta riga ta faɗa, kuma hawowarta da ƙarfi na tada lilo. Madubin motar ba ya nuna wannan taya. An yi odar madubai masu tsawo. A gangara ma an ji wutsiya ta fi sauƙin motsi, domin remok ne ke turo mota. A rage gudu tun daga sama, a sauko da giya.

Laraba, 11 ga Disamba

Kan maƙali mai hana lilo ya iso, yanzu ne lokacinsa. Aikinsa matse bul da faifai masu gogayya, saboda haka sharuɗɗansa uku. Bul ya zama busasshe, ba giris ko ɗigo. An goge shi da tina, aka cire fenti da takardar yashi mai laushi har ƙarfe ya fito, an kuma gargaɗi yaran garaji, domin hannunsu ya saba shafa wa kowane bul giris. Na biyu, bul ɗin ya zama wanda ba zai juya a mazauninsa ba, in ba haka ba matsewar za ta kwance goron ƙasa; an sa masa farantin kulle. Na uku, ƙura: a rufe bul da hula duk lokacin da aka kwance, a goge faifan kafin kowace tafiya. Ƙugin da yake yi a kwana yawanci datti ne a kan faifan.

Hanyar Tanut, iska ta fi ta ranar 30 ƙarfi. A 80, tanki daga gaba sau ɗaya, mai wucewa daga baya sau biyu. Hanci kafin fita kilo 90. An tsayar wa direba iyaka a 80 cikin yanayi mai kyau, 65 idan hazo ya rufe ko iska na tura mota, ko da remok bai nuna komai ba.

Saura maganar ruwa. Lita 50 ba ta isar mutum uku kwana huɗu a daji, kuma in ba a samar musu hanya ba kejin baya zai dawo. Tsakanin 1,469 da 1,500 kilo 31 ne kawai ya rage, don haka ƙarin ruwan a mota zai hau, sai an auna aksil ɗinta na baya da mutane da grup da nauyin hanci a kai an ga abin da farantinta ya bari. Bido biyun cikin remok kuma ana so a maye su da tanki shimfiɗaɗɗe mai shinge biyu a ciki, ƙarƙashin gado, ɗaure da daɓe ba da shasi ba. An ɗauki awon wurin: santimita 90 a 45, tsayi 14. Ranar Litinin za a kai motar sikeli.